Kwana Biyun da Na Ba Legas

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Abin da kuke karantawa bakina ne, hannun kuwa na maƙwabciyata ne, Maman Ladi, wadda ta koyar a firamare har ta ajiye aiki. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, Kirista, shekara ashirin da wani abu katanga ɗaya ce tsakaninmu a Ƙofar Sauri. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta ƙara gishiri. Dalilin wannan babi ɗaya ne. Na ji jikokina suna ba juna labarin shekarar da muka je Abuja da Legas, kowa da irin nasa. Wasu sun ce da farko ƙin gidan babban ɗana na yi don ba na son sa. Wasu sun ce tilasta mini aka yi na sake shawara. Duka biyun ba haka ba ne.

Shida na haifa, uku suka koma. Waɗanda suka rayu su ne babban, wanda ba na kiran sunansa, a gida Babba ake ce masa, sai Bilki, sai auta Nasiru. Mahaifinsu ya rasu Nasiru yana goye, gonar kuma ba ta isa ta riƙe mu ba, na kwaso su muka shigo birni. Na yi wankau, na yi surfe a gidajen ma'aikata, na kwana a zauren mutane. Daga baya na kafa tanda a bakin titi, waina ta ciyar da mu, ta kai Nasiru makaranta har ya samu aikin ofis a Abuja. Ban faɗi wannan don a tausaya mini ba. Na faɗa don ku san ba mace ce mai tsoron wahala ke magana ba. Abin da ya gagare ni a shekarar nan ba nauyi ba ne, magana ce guda.

A ƙauyenmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne a idon mutane. Ba ki kiran sunansa, ba ki ɗaukarsa a gaban jama'a, ba ki yabonsa, in ya faɗi wata ce za ta ɗaga shi. Ranar da aka yaye Babba kakarsa ta wajen uba, Iya, ta goya shi ta fita, ban bi su da ido ba, don akwai mutane a tsakar gida. Sai da ta rasu ya dawo hannuna, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ya riga ya saba da gaishe ni daga nesa. Shi ya riƙa kai mini niƙa, shi ke faso itace, ban taɓa ce masa sannu ba. Yana shekara goma sha tara ya bi motar albasa zuwa Legas. Can ya zauna, ya yi rumfa a kasuwar gwari, ya auri Hauwa, suka haifi huɗu. Kowace babbar Salla yakan zo, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango, ya ajiye tsaraba ya fita. In da saƙo, ta bakin Bilki yake bi: ki ce masa, ki ce mata. Shekara ashirin da bakwai yana can, ban taɓa taka gidansa ba.

Shekarar da gwiwa ta fara hana ni daɗewa a gaban tanda, Nasiru ya bugo waya.

"Inna, wannan dogon hutun na 'yan makaranta ke ma za ki huta. Ke da Yaya Bilki da yaranta ku zo Abuja, daga nan in sa ku a jirgi ku wuce Legas wajen Yaya Babba."

"Hutu na mai albashi ne."

"To na ɗauke ki aiki yau. Na kuma ba ki hutu."

Haka maganar ta fara, da wasa, ta zama gaske. Mijin Bilki, Malam Sani, ya yarda da kwana goma sha biyu, ban da na hanya. Wata guda cur gidan ba shi da wata hira. Yaran Bilki biyu suna faɗa a kan wanda zai zauna kusa da taga a jirgi, alhali ko tashar jirgin ba su taɓa gani ba. Ɗaya ya ce teku zai fara gani, ɗaya ta ce ita dogayen benayen Abuja. Bilki tana ta tara kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da man shanu, tana cewa can komai tsada, kamar za mu buɗe shago. Suka buɗe wani guruf a waya na 'yan gida, kullum ana ta aika murya. Ni ban ce uffan ba. Amma na kai ɗinki kala biyu, na ɓoye a ƙasan akwati. Na sayi ɗan kunne na ƙaramar 'yar Babba, wadda aka haifa ban gan ta ba sai a hoto. In ina juya waina, lissafin da nake yi a zuci shi ne yadda ƙofar gidansa take, da inda yake zama in ya dawo kasuwa. Da za a buɗe cikina a lokacin, duk kwana goma sha biyun Legas na ba.

Wata Juma'a bayan la'asar muna tsakar gida. Malam Sani ya zo gaishe ni, yana zaune a kan tabarma. Akwai mata biyu na unguwa da suka shigo, ga Maman Ladi tana gyaran wake. Bilki ta danna waya, ta miƙo ta saitin bakina.

"Inna, kowa ya ce ke za ki raba. Kwana nawa Abuja, kwana nawa Legas? Faɗi su ji da kunnensu."

Ga suruki a zaune, ga baƙi, duk ido a kaina.

"Goma wajen Nasiru," na ce. "Biyu can."

Na yi shiru ina jira.

Ku fahimci abin da nake jira, don nan ne duk kuskuren yake. Kunyar ɗan fari ba ita kaɗai take tafiya ba, tana da abokiyar tafiya. A gidan da na tashi, in uwa ta zuba wa ɗan farinta tuwo ɗan kaɗan, nan take wata kaka ko gwaggo za ta fizge marar daga hannunta tana faɗa, ta cika masa kwano. In uwa ta ce ba za a yi masa rigar Salla ba, wata tsohuwa za ta ce ba ki isa ba, biyu ma za a yi. Uwa ta ɓata fuska kamar an fi ƙarfinta, yaro ya ƙoshi, kunya ta tsira. Kowa ya san aikinsa. Uwa ta rage, tsohuwa ta ƙara. Ni na yi nawa. Na ce biyu ne don wata ta ce haba, a mayar da shi shida, in yi gardama kaɗan, a tsaya a bakwai.

Ba wadda ta ce haba. Matan unguwar yara ne, a birni aka haife su. Maman Ladi ta ɗago ta dube ni ta mayar da kai kan wakenta. Malam Sani ya ce Allah ya sa alheri. Bilki ta ɗage yatsa, maganata ta tafi Abuja da Legas a lokaci guda.

Kafin magariba Nasiru ya aiko da murya yana dariya, yana jera wuraren da zai kai mu. Babba ya aiko da tasa, gajera: to, Allah ya kai mu. Na ce a raina shi ya san al'ada, ba zai ɗauka da zafi ba.

Bayan kwana uku, da hantsi, Bilki ta same ni a wajen tanda. Ta jira masu saye suka ragu.

"Inna, Anti Hauwa ta kira ni. Yaya ya ce a bar zuwa Legas. Wai hanya da nisa, ga gwiwarki, kwana biyu bai kai a wahalar da ke ba. Ku yi duka a Abuja, shi zai zo da Salla kamar kullum."

"Shi ya faɗi haka?"

"Shi ya faɗa. Amma ta ce tun ranar da aka fara maganar tafiyar ya fitar da kayan ɗakinsa. Ya yi fenti, ya sayo katifa, ya sa an kafa ƙarfe a banɗaki inda za ki riƙa dafawa. Ya ce wa yaransa su koyi gaisuwar Katsina kada su ba shi kunya. Da ya ji muryarki, a tsaye ya saurara, ya sake saurara, ya ce wa yaran kakarku ba za ta samu zuwa ba. Babbar 'yarsa ta ce, Baba, wai da gaske ita ta haife ka?"

"Mi ya ce mata?"

"Ya ɗauki hula ya tafi kasuwa."

Wainar da ke cikin tanda ta ƙone. Na kwashe na zubar, na zuba wani ƙullun. Ban yi kuka ba, ni ba na yi. Amma ranar ban iya cin abinci ba. Shekara arba'in da shida ina ɗauka yaron nan ya san abin da ke ƙarƙashin shirun da nake yi. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa zai gaya masa ba. Kakar da za ta gaya masa ta mutu yana yaro. Abin da ya sani kawai shi ne mace mai kallon bango in ya gaishe ta.

Da yamma na leƙa ta katanga na kira Maman Ladi. Ita kaɗai ke ce mini Maman Babba, in tana son ba ni haushi.

"Ke ma kina zaune ranar nan, ba ki ce komai ba."

"In ce me, Maman Babba? Uwa ta raba kwana tsakanin 'ya'yanta, ni da nake gyaran wake in sa baki?"

"Da sai ki ce a ƙara masa."

"Ai ba ki ba ni takardar ɗaukar aiki ba. Ni a garinmu ɗan fari a kafaɗa muke yawo da shi. Da na ji kin ce biyu, cewa na yi ko ya yi miki wani laifi ne ban sani ba."

"Bai taɓa yi mini laifi ba."

"To shi ya kamata ya ji wannan, ba ni ba. Ga waya can a hannun Bilki."

Ban ɗauki shawararta ba. Na nemi hanyar da na sani. A dangin mijina saura mutum ɗaya da ta girme ni, yayarsa, Gwaggo Asabe, tana gidan jikanta a Ƙofar Durbi. In ita ta ce a ƙara wa Legas kwana, an gama: ita ta faɗa, ni na bi. Washegari na sayi goro na hau Napep na tafi. Na same ta a kan buzu a bakin ɗaki, ta rame, ido ya yi fari. Muka gaisa, na yi mata bayani tun daga farko, da ƙarfi, don kunnen ma ya yi nauyi. Ta saurara tana ɓantarar goro.

"Wane Babba? Na wajen Iya?"

"Shi."

"Yaron da bai daɗe da warkewa daga kaciya ba, mi zai kai shi Legas? Ku bar shi ya yi wasa. Ke kuma ɗiyar wa ce?"

Na gyara mata mayafi, na bar mata sauran goron, na fito. Ban hau komai ba, da ƙafa na dawo, gwiwa tana ciwo. A hanya na ƙirga duk matan da a da za su fizge mara daga hannuna. Ba ko ɗaya a raye da hankalinta. Ashe ni ce tsohuwar gidan yanzu. Ba wanda ya rage da zai fi ƙarfina, sai in ni zan fi ƙarfin kaina.

Nasiru na fara kira, don shi ne mai sauƙi. Na ce masa uku zan yi a Abuja, tara a Legas.

"Inna, na riga na ɗauki hutun kwana goma a ofis. Ba a mayarwa."

"Ka huta da matarka."

"Yaya ne ya yi ƙorafi?"

"Bai yi ba. Da ya iya ƙorafi da tuni an wuce nan."

"Ni dai ban san ana raba abu a gaban kowa a dawo a sake ba."

"Kai na goya har ka yi wayo. Kai ka ci ragowar kwanona shekara ashirin. Kwana bakwai na karɓa, ba su za su rage ka ba."

Ya ce to, amma ba ta daɗi ba. Auta ne, bai saba a rage masa ba, kuma ni na saba masa da hakan. Ya yi mako uku bai kira ni ba. Ko da muka je Abuja ya yi mana duk abin da ya kamata, amma fuska a ɗaure. Sai da aka kwana biyu, wajen watanni, kafin ya koma tsokanata kamar da. Wannan shi ne abin da shawarar ta ci mini, ban kuma yi da-na-sani ba. Matan unguwa su ma sun samu abin yi. Wata ta zo sayen waina tana murmushi, ta ce mun ji tsohuwa ta yi kewar ɗan fari. Na ce ta nawa za a zuba miki.

Saura babban aikin. Ban taɓa kiran Babba a waya da kaina ba, ko sau ɗaya. Bilki ta ce ta aika masa da saƙo a guruf, na ce a'a. Da bakina na ɓata, da bakina zan gyara. Na sa ta nemo lambar ta danna, na ce ta fita ta ja mini ƙofa. Wajen ƙarfe goma na safe ne. Da ya ɗauka na ji hayaniyar kasuwa, ana kiran farashi, mota tana oda.

"Bilki, yaya aka yi?"

"Ni ce."

Na ji ya matsa daga cikin mutane.

"Inna? Ina kwana. Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu."

"Jikin ne?"

"Jiki da sauƙi. Kwana tara."

"Kwana tara na mi, Inna?"

"A gidanka. Uku Abuja, tara gidanka."

Har na cire wayar daga kunne na duba ko ta mutu, ko da yake ban san abin da ake dubawa ba. Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa.

"Inna, ba sai kin takura kanki ba. In Hauwa ce ta yi surutu, zan yi mata magana. Wa ya ce ki ƙara?"

A nan ne hanyar ta rabu biyu. Da na ce Gwaggo Asabe ce, da ya yarda, da kunyata ta tsira, da kuma mun koma inda muke. Sunanta ya zo har kan harshena. Na haɗiye.

"Ba kowa. Na nemi wanda zai sa ni, ban samu ba. Ni nake so."

Na ji wani yana kiransa daga nesa, Alhaji ga mai albasa, Alhaji. Bai amsa ba. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"To," ya ce. "To, Inna." Can ya ƙara da cewa, "Ban san abin da kike ci ba. Hauwa ta tambaye ni, na rasa abin da zan ce mata."

"Tuwon dawa. Ba na son yaji da yawa. Kifi ban taɓa ci ba, amma in an ba ni zan gwada."

"Shayi fa?"

"Da safe, ba madara."

Haka muka yi ta yi, shi yana tambaya ina ba shi amsa, har katin Bilki ya ƙare. Ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi tun da na haife shi, kuma duk a kan abinci ce.

Mun yi tafiyar. Labarin jirgi da teku da benaye ku tambayi yaran Bilki, sun fi ni riƙewa. Ni abin da na riƙe daban ne. Babba ya bar rumfarsa a hannun abokin kasuwancinsa duk kwana taran, a tsakiyar lokacin ciniki. Kowace safiya yakan zo ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin da ya yi mini fenti, ya gaishe ni, ya zauna a nan ƙasa, ba ya shiga ba ya tafiya. Kwana uku muna haka. Ni ban san yadda ake farawa ba, shi ma bai sani ba. A rana ta huɗu, da ya miƙo mini kofin shayi, na ga wani tabo a bayan hannunsa na dama, dogo, daga wuyan hannu har gindin yatsa. Tsohon tabo ne, ya riga ya yi fari.

"Shigo ka zauna nan," na ce, na nuna masa bakin katifa. "Mi ya same ka a hannu?"

Ya dubi hannun kamar na wani ne.

"Ai ya fi shekara ashirin, Inna."

"Ban gani ba. Ban kasance ina dubawa ba. Faɗa mini."

Ya cire takalmi ya shigo. Ya fara daga ranar da motar albasa ta sauke shi a garin da bai san kowa ba, don ya ce ba za a gane labarin tabon ba sai an faro daga can. Shayin ya huce. Hauwa ta leƙo sau biyu ta koma. Aka kira azahar bai kai ga tabon ba tukuna. Muka yi salla, ya dawo ya ci gaba, ni kuma ina kallon fuskarsa har ya gama.